Malami na Uku

Goron da kawunnan Shafi'i suka kawo bai yini a gidan Malam Ridwanu ba.

Da hantsi suka iso Agege daga Idi-Araba, su uku cikin manyan riguna, don a sa ranar auren ɗansu da Surayya. Kafin a kira azahar sun fito da kwandonsu a ɗaure yadda suka shigo da shi. Suka tsaya bakin titi suna jiran danfo, motar hayar Legas.

Surayya tana kallon su ta tagar kicin har mota ta kwashe su.

"Inna, me Baba ya ce musu?"

Inna Iyatu ba ta ɗago daga tankaɗen da take yi ba. "Ni da ke muna nan tare, ina zan sani?"

"Ai kin shiga kai musu ruwa."

"Ruwa na kai, ban kai kunne ba." Ta buga rariya a gefen kwano sau biyu, sannan ta sassauta murya. "Cewa ya yi a dakata. Wai akwai magana tsakaninsa da yaron, sai ta warware tukuna. Ke, me kuka yi masa?"

"Ba mu yi masa komai ba."

Faɗa kawai ta yi. Tun ranar Litinin da ta ga wani ƙaton littafi mai baƙin bango a kan teburin mahaifinta ta san akwai abin da ke tafe.

Shekara ashirin da huɗu ke nan da Malam Ridwanu ya buɗe makarantarsa ta firamare a bayan layin dogo, lokacin da yawancin 'ya'yan unguwar ba su san komai ba sai talla da dako. Da kansa ya ɗauki bulo. Gonarsa ta gado da ke Zariya ya sayar aka yi rufi. Duk unguwar ba a kiran sunansa, Hedimasta ake ce masa, har liman. Surayya ce autarsa. Ta gama kwalejin horon malamai ta dawo tana koyar da aji biyar a ƙarƙashinsa.

Shafi'i kuwa malamin sakandare ne a Mushin, yana karatun digiri na uku a jami'a, fannin shugabancin makarantu. Bincikensa a kan makarantun da Hausawan Legas suka gina wa kansu ne: wa ke riƙe da su, yaya ake yanke shawara, me zai same su nan gaba. Makarantu huɗu ya zaɓa. Yakan zo da ƙaramar rikoda da kaset, ya zauna da malamai ɗaya bayan ɗaya, bayan ya sa hannu a takarda cewa ba za a taɓa jin sunan mai magana daga bakinsa ba. A cikin littafin binciken, makarantu haruffa ne, malamai lambobi, ba a ma nuna mace ko namiji.

A wajen wannan hirar suka fara ganin juna. Ta zo daidai da kwana na huɗu da Hedimasta ya tafi Zariya ta'aziyya da makullai a aljihu. Alli yana kulle. Rajista tana kulle. Littattafan karatun da ƙungiyar 'yan kasuwa ta bayar suna kabad, ko ledarsu ba a ɓare ba, wai kada yara su yaga. Surayya ta yini tana koyar da lissafi da gawayi a jikin kwali. Da Shafi'i ya danna rikoda ya ce, "Malama, yaya kike ganin tafiyar makarantar nan?" sai abin da ta shekara uku tana haɗiyewa ya fito.

Ya rubuta shi yadda ta faɗa, a shafi na ɗari da arba'in da biyu, da sunan Malami na Uku:

"Hedimasta mutumin kirki ne, amma bai yarda da kowa ba. Ba a taɓa tara mu an ji ra'ayinmu ba. Makarantar tana aljihunsa tare da makullai, ranar da ya rasu kuma tare za a binne su."

Gaskiya ce, kuma ba makarantar Malam Ridwanu kaɗai ba. Shekara biyu ke nan da soja suka koma bariki, kowa a teburin mai shayi yana tsine wa mulkin mutum ɗaya. Amma leƙa makarantunmu ka gani. Malamai bakwai sun naɗe hannu suna jiran mutum ɗaya ya dawo daga suna ko jana'iza. In ka yi magana a ce ba ka da kunya. In yaro ya fita aji shida bai iya karanta wasiƙa ba, a ce haka Allah ya so, a tashi a kama wata hirar.

Kuskuren na Shafi'i ne. Farfesarsa, wata dattijuwar Bayarabiya, ta gargaɗe shi kada ya nuna wa kowa aikin sai ya kare shi a gaban masu jarrabawa. Amma a inda ya tashi ba a gama babban karatu a ɓoye wa manya. Wanda ya sauke Alƙur'ani, gida-gida ake kai allonsa a sa albarka. Don haka ya ɗauki kwafi ɗaya ya kai wa surukinsa na gobe, ya durƙusa ya miƙa da hannu biyu. A zatonsa dattijon zai ɗora hannu a bango, ya yi addu'a, ya ajiye. Wa zai zauna ya karanta shafi ɗari uku na Turanci?

Ya manta Malam Ridwanu tsohon malami ne na zamanin da ake dukan yaro a kan waƙafi. Kwana huɗu ya yi a kan littafin da jan biro.

Bayan la'asar, a ranar da aka mayar da goron, ɗan okada mai babur ya sauke Shafi'i a ƙofar gidan. Malam Ridwanu ya tafi taron kwamitin masallaci. Suka zauna a baranda, shi a benci, ita a kujerar roba, Inna tana kai da kawo a tsakar gida inda za ta riƙa hango su.

Ya ciro littafin daga jaka ya ɗora tsakaninsu.

"Dokta mai jiran gado," in ji Surayya, ko murmushi babu. "An sa albarkar?"

"An sa. Buɗe ki gani."

Ta buɗe. Ja ne ko'ina, a gefe, a tsakanin layuka, har a kan taken babi.

"Ya kama min kurakuran da Farfesa ba ta gani ba. Akwai inda ya rubuta 'sake wannan jimla', kamar ɗan aji huɗu. Da a wani hali ne, godiya zan zo yi."

Ta juya har ta kai shafin. Nan babu gyara ko ɗaya. Layi biyu ya ja a ƙarƙashin maganar, ya danna biron har takardar ta huje.

"Yaya aka yi ya gane makarantarsa ce? Ka ce ka ɓoye."

"Na ɓoye sunan. Na rubuta dai tana bayan layin dogo, da bishiyar furut a tsakar fili, kuma da guntun ƙarfen jirgi ake kaɗa ƙararrawa."

"Shafi'i, makaranta nawa ce haka a Agege?"

"Ɗaya."

"Da hotonsa ka manna ka huta."

Ya sunkuyar da kai yana murza hular da ya cire. "Jiya bayan Juma'a ya kira ni ofishinsa, ya miƙo min littafin. Ya ce abu ɗaya yake so, sunan Malami na Uku. Na ce na yi alkawari. Ya ce in je in yi tunani. Ban zaci zai mayar da su Kawu ba. Na ɗauka zai raba maganar aure da maganar littafi."

"Baba ba ya raba komai da makarantar nan. Ni kaina in ya kalle ni aji biyar yake gani."

"Ya ba ni zuwa gobe da hantsi. Ya ce ba zai yi miki dole ba, bai taɓa yi wa yayyenki ba. Amma ba zai ba da 'yarsa ga mutumin da ya san mai yi masa fatan mutuwa, yana ɓoye shi ba."

"Fatan mutuwa." Ta maimaita a hankali, idonta ya ciko. "Ni na yi wa Baba fatan mutuwa?"

"Ba haka kika nufa ba."

"Haka ya ji."

Jirgin ƙasa na yamma ya taho daga wajen Iddo, mutane maƙil har saman rufi. Suka yi shiru sai da ƙararsa ta wuce, kwanon barandar ya daina rawa.

Wucewarsa ke da wuya wata farar mota ta tsaya a ƙofar gidan. Abdulwahid ne, ɗan shugaban kwamitin makarantar, kuma babban dillalin tumatir da albasa a kasuwar Mile 12. Shekara biyu yana aiko wa Malam Ridwanu 'yan saƙo a kan Surayya, ana ce masa an yi mata miji, shi kuma bai taɓa fushi ba. Ya fito da sabuwar wayar salula a hannu, irin wadda ta shigo gari bana, ya riƙe ta yadda kowa zai gani.

"Oga Dokta, yaya karatu? Har yanzu ba a gama ba?"

"Ana kai."

"Allah ya nuna mana. Mu dai namu karatun a kwando yake." Ya sauke kwandon tumatir daga bayan mota da kansa, ya ajiye a bakin ƙofa. "Malama, wannan na Inna ne, sabon saukewa daga Kadawa. Na ji an yi baƙi da safe. Allah ya sa sun koma lafiya."

"Lafiya lau," in ji Surayya.

"Madalla. Ni dai ina nan, ba na gaggawa. A gaida Hedimasta."

Motar ta juya ta tafi. Surayya ta share ido da gefen mayafi.

"Ka gani? Ko magariba ba a yi ba, labari ya kai Mile 12. Ka faɗa masa kawai, Shafi'i."

"Ba zan faɗa ba."

"Ni ka yi wa alkawarin. Na yafe."

"Ba ke kaɗai ba. Malamai ashirin da shida suka yi min magana, wasu har suna waigen ƙofa. In aka ji na sayar da suna ɗaya don a ba ni mata, gobe hedimastan Idi-Araba zai kira ni ya nemi nasa. Sannan babu malamin da zai sake buɗe baki ga wani mai bincike a garin nan."

"To cire shafin."

"Ya riga ya karanta. Kuma ko bai karanta ba..." Ya tsaya.

"Ƙarasa."

"Gaskiya ce, Surayya. Duk littafin babu maganar da ta kai ta. Farfesa da ta karanta, ajiye tabarau ta yi ta ce wannan malamin ya fi ni fahimtar aikin."

"Wato gaskiyarka ta fi ni."

"Taki ce. Ni rubutawa kawai na yi."

Ta juyar da kai gefe, hawayen suka zubo sosai. Bai ce ta yi shiru ba. A tsakar gida Inna ta daina motsi.

"Ka san abin da yake ci min rai?" ta ce. "Ina da shekara huɗu, a kafaɗa yake ɗauka ta zuwa makarantar nan, lokacin ko tagogi babu. Mutane suka ce masa 'ya mace da boko a Legas lalacewa za ta yi, ya ce su zuba ido. Ranar da na karɓi takardar kwaleji, a gaban kowa ya yi kuka, Baba da ko a rasuwar yayansa ban ga hawayensa ba. Wannan mutumin zan tsaya a gabansa in ce ni ce na yi zancen binne shi? Da wane baki?"

"Ban ce ki faɗa ba."

"Kai ba za ka faɗa ba, ni ba zan iya ba. To sai me?"

"Sai in je gobe in ba shi haƙuri."

"In bai haƙura ba?"

"In jira."

"Jira." Ta yi wata 'yar dariya cikin kuka. "Shekarata ashirin da bakwai, Malam Shafi'i. Ƙawayena suna kai 'ya'yansu ajina. Kai ka jira, mai tumatir ya jira, ni ina tsakiya kamar fasinjan da danfo biyu suke ja."

"Ni ba kwandasta ba ne."

"Da kwandasta ne da tuni mun isa."

Ya yi murmushi duk da halin da yake ciki. Ita ma ta kusa yi, sai ta rufe littafin ta tura masa.

"Tashi ka tafi kafin ya dawo. Kada ya same ka nan ya ce ka zo haɗa baki."

Washegari Lahadi, Shafi'i ya iso da hantsi kamar yadda aka ce. Ya cire takalmi, ya zauna a ƙasa gefen tabarma. Malam Ridwanu yana kan kujerarsa ta katako, fararen kaya, tabarau a karan hanci. Suka gaisa gaisuwa cikakkiya, ya tambayi iyayensa da kawunnansa ɗaya bayan ɗaya kamar babu abin da ya faru jiya.

Surayya tana bayan labulen da ya raba falon da tsakar gida.

"Ka yi tunanin?"

"Na yi, Baba."

"Wane ne?"

"Ka gafarce ni, Baba. Ba zan iya ba."

Dattijon ya gyaɗa kai, kamar amsar da yake jira ke nan.

"Na karanta littafinka daga bango zuwa bango. Akwai aiki a ciki, ba zan hana ka ba. Babi na biyu ya yi tsawo, ka rage shi. Na ga kuma kuna da wani abu wai shugabancin haɗin gwiwa. Shekarar da ruwa ya rushe min aji biyu, ina 'yan haɗin gwiwar suke? Ni da matata muka kwashe laka da bokiti. Sau ɗaya na taɓa ba mutum makullin sito, a tamanin da uku. Malami ne, muna cin abinci a kwano ɗaya. Na dawo daga tafiya na tarar ya kwashe kwanon rufi ya tsallaka Kwatano. Wannan yana cikin littafinka?"

"Ba ya ciki, Baba. Da ka faɗa min da na sa."

"Ba ka tambaya ba."

"Na tambaya. Ka ce in rubuta komai lafiya." Shafi'i ya ɗago kai kaɗan. "Baba, mutum ɗaya ya ci amana shekara goma sha takwas da suka wuce, har yau malamai bakwai ake hukuntawa, da yara ɗari uku."

"A jami'ar aka koya maka mayar wa manya magana?"

"A'a, Baba. Ka yi haƙuri."

Malam Ridwanu ya gyara zama.

"To shi ke nan. Ka riƙe alkawarinka, ni ma in riƙe 'yata. Sunan kuwa ba sai ka faɗa ba, na sani. Sunusi ne."

Malam Sunusi shi ne malamin aji huɗu, shekararsa goma sha shida a makarantar, yana zaune a ɗaki ɗaya da mata da 'ya'ya shida.

"Bara ya zo har ofis yana neman a yanka masa makullin kabad. Na hana, ya fita yana gunaguni. Shi ne."

"Baba, ba zan ce shi ne ba, ba zan ce ba shi ba ne. In na fara cire mutane ɗaya-ɗaya, na faɗa ke nan. Amma don Allah kada ka taɓa mutum a kan zato."

"Makarantata ce." Ya ɗaga murya kaɗan. "Surayya. Na san kina nan. Kawo takarda da biro, hannunki ya fi nawa kyau."

Ta shigo, ta durƙusa a gefen ƙaramin tebur. Ba ta kalli Shafi'i ba.

"Sa kwanan wata. Kin sa? Rubuta: Zuwa ga Malam Sunusi, malamin aji huɗu."

Ta rubuta.

"Bayan gaisuwa, ina sanar da kai cewa daga gobe Litinin makaranta ba ta bukatar..."

Biron ya tsaya.

"Ba ta bukatar aikinka. Rubuta mana."

"Baba, ba Malam Sunusi ba ne."

"Ke ina kika sani?"

Ta ajiye biron a kan takardar, ta haɗa hannuwanta a cinya.

"Ni ce."

Babu wanda ya motsa. Daga waje ana jin wata mai burodi tana tallarta da Yarabanci, ta zo ta wuce.

Malam Ridwanu ya cire tabarau ya naɗe.

"Yaron nan kike son ki ceta."

"A'a, Baba. Ranar Alhamis ce, kana Zariya ta'aziyyar Gwaggo. A ajina muka zauna, ƙofa a buɗe. Ni na faɗa, kalma-kalma, bai ƙara komai ba."

Ya juya ga Shafi'i. "Gaskiya take faɗa?"

"Baba, ba zan ce komai ba."

"Har yanzu?"

"Har yanzu."

Wani sauti ya fito daga maƙogwaron dattijon, mai kama da dariya. Ya mayar da idonsa kan 'yarsa ya daɗe yana kallon ta.

"Ke."

"Ban yi maka fatan mutuwa ba, Baba, Allah shi ne shaidata." Kukan ya ƙwace mata, amma ba ta tsaya ba. "Tsoronta nake yi. Kwana huɗu ka yi ba ka nan, na ga yadda makarantar za ta zama in babu kai. Yara suna zaune suna kallon mu, mu muna kallon ƙofar ofis. Wata uwa ta zo neman takardar canjin makaranta, babu mai ba ta. Malam Sunusi ya sayo alli daga aljihunsa, muka kakkarya muka raba. Na tsaya a fili na kalli ginin da ka ɗauki bulonsa da kanka, na ce wannan duk wahalar, mako ɗaya ya isa ya shafe ta. Babu wanda ya san inda takardar filin take. Babu wanda ya san yadda kake yi da jami'an ilimi in sun zo. Ka gina ta don ta wuce ka, amma ba ka bar kowa ya koyi riƙe ta ba. Abin da na nufa ke nan. Bakina ne ya yi kaifi, ka yafe min."

"Me ya hana ki faɗa min a gidan nan? Sai ga baƙo da rikoda?"

"Na faɗa, Baba. Sau uku. Na ƙarshe ka ce aji biyar aka ba ni, ba ofis ba."

Bai musa ba. Ya sa babban yatsa yana shafa gefen tabarau ɗin, sama da ƙasa.

"Yaga takardar nan."

Ta yaga ta gida biyu, ta sake yagawa.

"Shafi'i."

"Na'am, Baba."

"Na mayar maka da iyaye a idon unguwa, ga wani yana jira a ƙofa, kalma ɗaya za ta fitar da kai, ba ka faɗe ta ba. Ban taɓa ganin taurin kai irin naka ba. Amma na ga inda za a ajiye amana." Ya numfasa. "Ka ce wa kawunnanka su je Oyingbo wurin ƙanena Hadi. Shi zai sa rana, shi zai ɗaura. Na ba ka."

Shafi'i ya sunkuya zai yi godiya, dattijon ya ɗaga masa hannu.

"Ban gama ba. Ni kada a neme ni a ciki. Ba zan hana komai ba, abin da ake yi wa kowace 'ya za a yi mata. Amma mutumin da 'yarsa ta riga ta auna masa kabari ba ya zama a gaban taro ana yi masa barka."

"Baba..."

"Malama Surayya, gobe akwai makaranta. Ƙarfe bakwai da rabi."

Bai taɓa kiran ta haka a cikin gida ba. Ya dafa hannun kujera ya miƙe, a hankali fiye da yadda ya saba, ya ɗaga labule ya shige.

Surayya tana nan durƙushe da yagaggiyar takarda a hannu. Shafi'i ya sunkuyar da kai. An ba shi abin da ya zo nema, amma ya kasa ko kallon ta.

Ta bayan labule suka ji takun dattijon ya tsaya a bakin kicin, inda Inna take tuƙa tuwo.

"Iyatu."

"Na'am, Malam."

"Kin ji duk abin da aka faɗa."

"Na ji."

Da ya sake magana muryarsa ta yi ƙasa, har sai da Surayya ta riƙe numfashi kafin ta ji.

"Shekara arba'in muna tare. Ke ma haka kike gani na?"

Muciya ta tsaya a cikin tukunya. Surayya ta kasa kunne tana jiran Inna ta ce a'a.

Inna ba ta ce komai ba.